Jinin Dassin, Kunyar Illi

Arlit, Laraba 7 ga Oktoba, 1992

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya ƙalau, kai da Alhaji mai masaukinka da iyalinsa duka. Yaya Maraɗi, yaya aikin naɗin injuna? Yaya bayan naka, ya daina ciwo ne ko har yanzu ɓoye mini kake yi? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Ƴan matanka suna gaishe ka. Babbar ta koma lakwal, an buɗe makarantu, ƙaramar kuwa haƙorinta na gaba ya fita, tana bin gidajen maƙwabta tana nuna musu gurbin.

An ce gobe da safe sojoji za su raka motoci zuwa Agadas, tunda tawayen Abzinawa ya hana a bi hanya ba rakiya, shi ya sa na zauna bayan la'asar na ɗauki biro, don kada rakiyar ta wuce ni. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Kada gabanka ya faɗi, ba gidanmu ba ne, wurin aiki ne. Amma in ban faɗa maka ba, ban san wa zan faɗa wa ba.

Ranar Litinin da hantsi aka kawo mana wata mata daga Bukkoki. Sunanta Dassin, Ba'abziniya ce, ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Suna cikin mutanen nan da fari ya cinye musu dabbobi, suka gangaro daga duwatsu neman aiki a kamfanin haƙar ma'adinai, suka iske kamfanin ma korar nasa yake yi, kamar yadda ya yi maka. Ɓari ta yi, cikin wata huɗu, kwana biyu tana zubar da jini a bukka kafin a kawo ta. Lokotoro, likitanmu, ya duba ta a ɗakin gaggawa, ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce a auna jininta, da zarar sakamako ya fito a kira shi. Daga nan ya wuce ɗakin yara. Ka san shi kaɗai ya rage mana tun da sauran biyun suka nemi canji suka koma kudu.

Gaji ce ma'aikaciyar jinyar da ke aiki a ranar, Babarbariyar nan mai faɗa kamar an aiko ta. Ta ɗebi jinin ta ba mijin matar, wani dogo siriri mai suna Illi, ya kawo mini labo, ɗakina na awon jini. Haka muke yi shekara biyu ke nan, tun da aka sallami tsoho Akoli mai kai takardu, talhon cikin gida kuma ya mutu ba a gyara ba. Ɗan'uwan mara lafiya ke kawo jini, shi ke mayar da sakamako. Ba wanda ya zauna ya tsara haka, mun wayi gari ne kawai muka ga muna yi.

Na auna. Ƙarfin jinin mace lafiyayya goma sha biyu ne ko fiye. Na Dassin huɗu na gani. Na sake aunawa, huɗu ɗin dai. Mutum mai huɗu, yana kuma ci gaba da zubarwa, ba kwana ake lissafa masa ba, awa ake lissafawa. Na rubuta da jan biro, na ja layi biyu a ƙasa, na rubuta gaggawa da faransanci da manyan baƙaƙe, na miƙa masa ta taga na ce ya kai ciki. Ya karɓa da hannu biyu. Ƙarfe goma ne daidai lokacin.

Sai da aka kira azahar na fito da buta zan yi alwala. Ina zagayawa bayan ɗakin gaggawa sai na gan shi tsugune a inuwar katanga, ya ja amawali har ƙarƙashin ido, takardata tana hannunsa a ninke. Wallahi ban san lokacin da butar ta faɗi ba. Na tsaya a kansa na ce me yake yi a nan da wannan takarda. Bai ɗago ba, da ƴar Hausarsa ya ce, “Tsohuwa yana ciki.”

Da farko ban gane ba. Ashe uwar Dassin ce, Lalla, take zaune a gefen gadon ɗiyarta, teburin Gaji kuma yana daidai ƙafar gadon. Ka san Abzinawa da surukuta, tamu wasa ce a kan tasu. Ba zai shiga ɗakin da take ba, ba zai yi magana ta ji muryarsa kusa ba. Sau uku ya je bakin ƙofa ya hango ta ya dawo. Yana jira ta fito ya shiga, ita kuwa ina uwa za ta tashi ta bar ɗiya a wannan hali? Sau ɗaya Gaji ta fito da sauri ɗauko wani abu, ya miƙe zai tare ta, kafin ya buɗe baki ta wuce. Bai ɗaga murya ba. A kwanakin nan mai rawani ba ya ɗaga murya a wurin da soja ke tsaye a ƙofa. Karatu kuma bai iya ba, ya zaci takardar magani ce da za a nema daga baya.

Na fizge takardar na zuba da gudu, takalmina ɗaya ya tsaya a hanya. Gaji ta ce ita a zatonta wuta aka ɗauke mana a labo kamar kullum, shi ya sa ba ta aiko ba, ga shi kuma an kawo mata wani da injin niƙa ya cinye wa hannu. Dassin kuwa ta daina magana tun ɗazu, Lalla tana yi mata fifita tana cewa barci ta samu. Da Gaji ta taɓa wuyan hannunta da ƙyar ta ji bugun. Ita da kanta ta ruga ta jawo Lokotoro.

Sai neman jini. Na Illi bai yi daidai da nata ba. Lalla ta miƙo hannu, amma ita kanta tana buƙatar a ƙara mata. Ƴan'uwanta maza ba sa gari, ba mu kuma tambayi inda suke ba. Lokotoro ya tura direbanmu tasha, inda masu kamiyo, manyan motocin kaya, suke jibge kwana tara suna jiran rakiya, ba abin da suke yi sai shan shayi da musu. Mutum huɗu suka biyo shi, biyu suka dace, wani Bakatsine da wani Basakkwace. Kafin la'asar leda ta farko ta fara shiga.

Jiya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Yau da safe na auna na ga shida da ɗoriya. Alhamdulillahi, sai yau abinci ya shiga cikina. Amma Lokotoro ya ce kada mu yi saurin murna, jikinta ya jigata, kuma ko da akwai rakiya gobe ba za ta iya hanyar Agadas ba. Duk abin da za a yi mata nan za a yi shi, da abin da ke hannunmu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Bayan an sa jinin na fita na yi wa bawan Allahn nan tas a gaban mutane. Ka san bakina. Na ce da ta mutu shi ya kashe ta da kunyarsa. Na dawo gida ina ganin na yi daidai, sai da na zauna tsintar shinkafa abin ya juyo kaina. Ni na ga huɗun nan. A duk asibitin ni kaɗai na san abin da ke faruwa a cikin jikinta daga ƙarfe goma zuwa azahar. Na rubuta da faransanci na ba mutumin da ko Hausa da ƙyar yake haɗawa, ban ko ɗaga kai na dube shi ba, don kwalabe goma sha ɗaya suna jirana. Jiya na ƙirga takun da ke tsakanin labo da ɗakin gaggawa, ɗari biyu da goma sha biyu ne.

Kuma a ce ni ce zan yi wa wani gorin kunya! Ni da shekara goma sha ɗaya ban taɓa kiran sunanka ba. Kai ma ba ka da bakin magana, da Innata ta zo mana mako biyu, a gidan abokin aikinka Ahmudu ka riƙa cin tuwo kamar wanda aka kora. Da na tsaya minti ɗaya na tambaye shi wa ke tare da ita a ɗaki, da na gane. Abin ya dame ni ƙwarai, ina jin nauyin mutumin nan.

Ka sa ta a addu'a, sunanta Dassin. Ka gaishe da Alhaji da mutanen gida. Ka riƙa shafa man nan a bayanka, kada ka ajiye shi yana kallonka.

Taka har kullum,
Zinatu


Arlit, Talata 20 ga Oktoba, 1992

Maigida,

Aminci da yardar Allah su tabbata a gare ka. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, ina kuma fata kana cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso jiya da rakiya, tare da ƙullin kilishi da yajin. Mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Ƴan matanka sun cinye kilishin kafin in gama karanta shafi na farko. Mu duka lafiya, garin ma shiru a makon nan, Allah ya ɗorar.

Na ga faɗan da ka yi mini, cewa in daina ɗora wa kaina abin da Allah ya riga ya tsare. Na ji, amma ban yarda duka ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne inda ka ce in je wurin Ahmudu, yana da tsofaffin talho na cikin ramin ma'adinai, a haɗa labo da ɗakin gaggawa. Malam, ka makara da kwana goma. Kafin takardarka ta bar Maraɗi wayar tana rataye. Amma na ji daɗi da tunaninmu ya zo ɗaya, ashe zaman tare bai tafi a banza ba.

Bari in faro maka daga farko. Kashegarin ranar da na rubuto maka na tari Lokotoro a ofishinsa, na ce daga yau duk sakamakon da ke iya kashe mutum ba zan ƙara ba ɗan'uwan mara lafiya shi ba, da baki zan faɗa wa mai aiki. Ya ce maganar baki ba ta da sa hannu, in aka yi kuskuren lamba wa za a kama? Raina ya ɓaci. Na ce masa takardar ranar Litinin tana da sa hannu har da hatimi, awa uku ta yi a gindin katanga. Ya cire tabarau ya dube ni, na ce shi ke nan yau na jawo wa kaina. Sai kawai ya jawo takarda ya ce in zauna. Muka rubuta abubuwan da ba sa jira: jini in ya yi ƙasa da shida, sukari in ya faɗi ko ya hau sosai, ruwan ƙashin baya in ya nuna sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ƙwayoyin sun cika jinin yaro. Ya ƙara da nasa sharaɗi, cewa wadda aka faɗa wa sai ta maimaita suna da lamba na ji da kunnena, kowa ya rubuta lokaci a littafinsa, takarda kuma ta biyo baya. Gaskiya sharaɗinsa ya fi nawa hankali, amma ban faɗa masa ba.

Kwana huɗu da ƙafata na yi aikin. Ka dai san matarka ba jikin gudu gare ta ba. Masu jinya har sun gane, da sun ga na fito da zani a hannu sai su dare su ba ni hanya, wata tsohuwa kullum sai ta bi ni da “Allah ya ba da sa'a, Hajiya.” Wahalar ita ce ni kaɗai ce a labo, in na fita komai ya tsaya. Ranar Asabar na dawo na iske jini uku sun daskare, sai da aka sake huda mutane. A ranar na je gidan Ahmudu.

Ka ga mutumin da wata takwas ba aiki, yadda ya yi murna sai ka ce shi aka yi wa alfarma. Ya zaro talho biyu irin masu mariƙin juyawa, ya hure musu ƙasa. Wayar ba ta kai ba, sai da ya yi mata haɗi bakwai, ya bi da ita ta kan rufin ɗakin wanki. Ya ce in gaya maka haɗinsa ya fi naka kyau, in kana musu ka zo ka duba. Ranar Talata da yamma aka gama. Gaji ce ta fara gwadawa, abin da ta fara faɗa mini a ciki shi ne wai ko ta waya muryarmu ta Damagarawa cika kunne take yi.

Ita Dassin duk kwanakin nan tana ƙaramin ɗakin da ke jikin na gaggawa, don ɗakin mata ya cika. Ta fara zama, tana shan kunu, ranar Litinin jininta ya kai bakwai. Har mun fara zancen sallama. Laraba da safe aka kawo jininta kamar kullum, na sa a inji ina hira da mai shara. Da na duba sai na ga huɗu da rabi. Na sake, bai canza ba. Na kama mariƙin nan na juya shi kamar zan karya. Gaji ta ɗauka, na ce Dassin, huɗu da rabi. Ta ce Dassin, huɗu da rabi, sai na ji ta saki talhon yana bugun bango. A littafina takwas da minti goma sha biyu na rubuta. A nata littafin Lokotoro yana bakin gado takwas da goma sha tara.

Ashe zubar jinin ta dawo mata tun kwana biyu, ta ɓoye. Tana son a sallame ta, tana kuma jin nauyin namiji ya sake duba ta. Lalla kuwa tana wanke tsummokaran a ɓoye cikin dare tana shanyawa bayan ɗaki, a ganinta sauran ƙazantar ɓari ce ke fita. A ido ba za ka ce komai ba, Dassin har murmushi ta yi wa Gaji da safen. Lokotoro ya ce akwai abin da ya saura a mahaifa, ga zazzaɓi ya fara shiga. Ya ce da an bar ta zuwa zagayensa na yamma, bai san abin da zai tarar ba. Nan take aka shiga da ita wankin ciki.

Illi kuwa tun ranar da na yi masa faɗa kullum da safe yana tsugune a ƙarƙashin tagar labo. Na riga na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma ba ya haɗa ido da ni. Ina ajiye talho na leƙa na kira shi. Wannan karon na dube shi sosai, na yi magana a hankali. Na ce jinin matarka ya sake zubewa, Lokotoro yana kanta yanzu, ana son mutane daga tasha, ba anjima ba, yanzu. Ban rufe baki ba ya tashi. Ban taɓa ganin mai rawani yana gudu a cikin gari ba sai ranar, har sojan ƙofa ya miƙe tsaye. Kafin rabin awa sai ga kan kamiyo ba bodi ya shigo asibiti, mutum shida a ciki da saman, shi yana maƙale a ƙofa. Ban san da wace Hausar ya yi musu bayani ba.

Leda biyu aka sa mata. Kwana biyu zazzaɓin yana kai da kawowa, ni kuma ina zuwa aiki kamar wadda aka yi wa duka. Ranar Asabar ya sauka, bai sake dawowa ba. Jinin ya tsaya cak. Jiya bakwai da rabi na gani, kuma wannan karon na aika Gaji ta duba bayan ɗaki da idonta, ba tsumma ko ɗaya. Maigida, ban iya kwatanta maka sanyin da na ji ba. Na rufe ƙofar labo na yi sujada a kan siminti.

Talhon ya yi aiki sau tara zuwa yau. Shekaranjiya wani jariri ne da sukarinsa ya faɗi, kafin uwarsa ta gama ɗaura zani an sa masa abin da ya kamata. Gaji ta ce ƙararsa tana firgita ta, na ce dama don haka aka yi shi.

Abin da ya rage yana ba ni tausayi shi ne Illi. Kwana goma sha shida rabonsa da zama kusa da matarsa. Lalla ba ta matsawa ko nan da can, alwala ma a bakin ƙofa take yi. In ta juya baya yakan leƙa ta taga ya koma. Gaji ta so ta yi wa tsohuwar magana, na hana ta. Na shiga tsakaninsu sau ɗaya da bakina, ban ji daɗin abin da ya biyo baya ba.

Ka gaishe da Alhaji. Ahmudu da iyalinsa suna gaishe ka. Ka rubuto da rakiya mai zuwa, ko layi biyu ne.

Matarka mai kewarka,
Zinatu


Arlit, Alhamis 29 ga Oktoba, 1992

Maigidana,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda aka daɗe ba a gani ba. Ina fata kana lafiya, aiki yana tafiya, bayan kuma ya yi sauƙi kamar yadda ka ce, in dai gaskiya ka faɗa. Mu nan sai godiyar Allah. Ƴan matanka lafiya, ƙaramar ta ce in tambaye ka ko da sallar layya ma a takarda za ka zo. Ni ban sa ta ba.

Wannan gajeriya ce, don direban da zai kawo maka yana jira, amma ba zan bari rakiyar nan ta tafi ba tare da labarin ba. An sallami Dassin.

Jiya da safe na auna jininta na ƙarshe. Tara da ɗoriya. Lokotoro ya riga ya ce in ta kai tara, ba zazzaɓi, za ta tafi gida da ƙwayoyin ƙarin jini. Hannuna har ya kai kan talho, sai na tuna ba a yi shi don irin wannan ba, labari mai daɗi yana iya bin ƙafa. Na leƙa taga, mutumin yana nan inda ya saba. Na ce masa jinin matarka ya dawo, ba sauran haɗari, gobe za ku koma gida. Na sa ya maimaita mini kamar yadda Gaji ke yi, ya maimaita. Sai ya ja amawali ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, kafaɗunsa suna rawa. Na koma ciki na yi kamar ina wanke kwalabe har ya gama.

Da ya miƙe na ba shi takardar, na ce wannan kai za ka kai. Gaskiya ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, don haka na bi shi a baya daga nesa.

Ya je bakin ƙofar ɗakin ya tsaya. Lalla tana ciki, a wurinta. Na ce a raina to, yau ma ga mu nan. Sai ya juya wa ƙofar baya, ya fuskanci fili inda ba kowa sai igiyar shanya, ya ɗaga murya ya yi magana da Tamajak, kamar mai sanar da iska. Gaji tana jin yarensu, ita ta fassara mini daga baya. Cewa ya yi, duk wanda ke kusa ya ji, mai awon jini ta ce jini ya dawo, gobe za a koma gida. Ya miƙa takardar ta bayansa ba tare da ya waiwaya ba, Gaji ta karɓa tana danne dariya.

Ina hango Lalla ta taga. Ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango, ta yi hamdala sau uku. Sannan ta gaya wa bangon cewa ganyen shayinta ya ƙare, za ta kasuwa, kuma ƙafafunta sun tsufa, ba ta jin za ta dawo kafin azahar. Gaji ta ce da idonta ta ga ƙullin ganyen a ƙarƙashin gado, ko rabi ba a sha ba. Matar da kwana ashirin da uku ba ta taka ƙofar asibiti ba, ta ɗauki sandarta ta fita ta ƙofar baya don kada su haɗu.

Illi ya daɗe a tsaye. Sai da Dassin ta kira shi daga ciki, da wata ƴar murya, tana dariya, sannan ya cire takalmi ya shiga. Gaji ta fito ta jawo musu ƙofa, ta same ni a jikin katanga ina share hawaye da gefen riga. Ta buɗe baki za ta yi mini tsiya, sai na ga ita ma idonta ya cika. Lalla ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

Yau da hantsi suka tafi. Dassin da ƙafarta ta fita.

Direba yana ta yi mini oda a waje. Ka gaishe da Alhaji da duk mutanen gida. Allah ya kawo mana zaman lafiya a buɗe hanya, ya dawo mana da kai lafiya, don ni ma na gaji da yi wa takarda magana.

Taka,
Zinatu